Wankin Hoton Baƙi-Da-Fari: Sana'ar Da Ke Neman Magada A Ƙasar Gaya

Gidan da ya kwana biyu a ƙasar Gaya, ko a Balan ne ko Kademi ko can ɓangaren Ajingi, da wuya a rasa hoton baƙi-da-fari ko da guda ɗaya a cikinsa. Wani yana ƙasan adaka, naɗe a tsumma tare da takardar gona da tsofaffin rasiɗan haraji. Wani yana manne a fasfon kakan da ya sauke farali tun ana zuwa da guzurin garin kunu da daddawa. Wani kuma na 'yan firamare ne a jere, malaminsu a tsakiya, an rubuta shekara da alli a ɗan allo an jingine a gabansu. In ka ɗauko irin wannan hoto ka ƙura masa ido, za ka ga aikin zaren wuyan riga, ka ga tsagar gado a kumatu, alhali ya haura shekara hamsin. Hotunan kala na shekarun 1980 da 1990 da ke kusa da shi yawanci sun koɗe sun yi jaja-jaja. Na waya kuwa da aka ɗauka a bikin bara, sun tafi ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka zare ta a kasuwa.

To, matashin da ke zaune a Balan yau, da waya a aljihu mai ɗaukar hoto ba adadi kuma ba ko sisi, yana da dalilin koyon ɗaukar hoto da fim da wanke shi a ɗakin duhu? In yana da shi, ta ina zai ɓullo wa abin, ga zafi, ga ƙura, ga wutar lantarki da ba ta zama? A ganina dalilin yana nan, kuma mai ƙarfi ne. Sai dai wanda ya shiga da niyyar ya ci abinci da shi gobe da safe zai sha wuya, gara a faɗa masa tun yanzu.

Asalin ilimin bai yi mana nisan da ake zato ba. Kusan shekara dubu da ta wuce, Alhasan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya yi bayani a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma idan ya shiga ɗaki mai duhu ta 'yar ƙaramar huda yakan zana surar abin da ke waje a bangon da ke fuskantar hudar, amma a juye. Duk wanda ya taɓa ƙailula a ɗakin ƙasa marar taga, ƙofa a rufe, zai iya tuna yadda masu wucewa a tsakar gida ke gilmawa a jikin bango, kai a ƙasa ƙafa a sama. Kyamara ke nan a asalinta. Abin da ya gagari mutane ƙarni da ƙarni shi ne yadda za a kama surar ta zauna. Sai a 1839 aka shelanta hanyar Louis Daguerre a Faransa, mai kama hoto a farantin ƙarfe, a daidai lokacin da William Henry Fox Talbot a Ingila yake aiki da takarda. Dabarar Talbot ce ta rayu, domin ita ta kawo dodon hoto, wanda daga guda ɗaya za a iya buga kwafi ko nawa ake so. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da Kodak mai fim na naɗi, kyamara ta fara shiga hannun kowa.

A Najeriya ta bakin teku sana'ar ta shigo. Jonathan Adagogo Green, ɗan Bonny, shi ya ɗauki sanannen hoton Oba Ovonramwen na Binin a cikin jirgin ruwa bayan Turawa sun ci garinsa a 1897. A Arewa kuwa, da fari kyamara a hannun Turawan mulki take, shi ya sa tsofaffin hotunanmu suka fi yawa a kan abin da ya dame su: hawan daba, jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911, dalar gyada, sarakuna a jere. Daga baya jaridu suka shigo, Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da New Nigerian a 1966, hoto ya zama abin gani kullum. Shi kuwa talakan gari situdiyon Sabon Gari ya sani, inda yawancin masu sana'ar Yarabawa ne da Ibo. Erika Nimis ta rubuta littafi guda a 2005 a kan yadda masu hoto Yarabawa suka bazu a Afirka ta Yamma har Yamai da gaba. A shagunan irin waɗannan mutane 'ya'yan Hausawa da dama suka koya, suna yaran shago, daga sharar ɗaki da ɗebo ruwa har a yarda su sa hannu a tire.

Ƙauye ba ya da situdiyo. Mai hoto ne ke zuwa, ranar kasuwa ko ranar Sallah, a keke ko babur, da labulensa mai zanen fure ko na bene. Ya ɗaure labulen a jikin katanga, ya ajiye kujera, ya ce, "Baba, a ɗaga haɓa kaɗan. Yawwa. Kada a ƙifta." Ya karɓi kafin alƙalami, sai kasuwa mai zuwa a karɓi hoto. Akwai kuma masu akwatin katako mai ƙafa uku, waɗanda ke zama a bakin kotu da ofisoshi suna yi wa mutane fasfo nan take. Wannan akwati kyamara ce kuma ɗakin wanki ne. Mai shi zai cire murfin gilashi ya ƙirga a zuciyarsa ya mayar, sannan ya zura hannu ta wani baƙin hannun riga da ke jikin akwatin, ya tsoma takardar a 'yan ƙananan kwanoni biyu da ke ciki yana leƙe ta 'yar kafa. Abin da zai fara fitowa dodo ne, fuska fara fat, riga baƙa. Sai ya manna dodon a ɗan katako a gaban gilashin ya sake ɗaukarsa, a karo na biyu hoton ya fito daidai. Ya ɗauraye a bokiti, ya yarfe, ya yanka da almakashi, ya miƙa maka da sauran danshinsa.

Mutane kan ce waya ce ta kashe wannan sana'a. Waya ta zo ne ta tarar da ita a kwance. Abin da ya fara karya ta shi ne injinan wanke hoton kala da suka bazu a birane a shekarun 1980. Kafin su, mai hoto shi ke ɗauka, shi ke haɗa magani, shi ke bugawa. Bayan su, aikinsa ya koma ya danna kawai ya kai fim lab ya jira ambulan. Yaron da ya shiga sana'ar daga wannan lokaci bai ƙara ganin jan fitilar ɗakin duhu ba. Wayar salula ta iso a 2001, kyamarar dijital ta biyo baya, shi kansa kamfanin Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi a Janairun 2012. Lissafin a bayyane yake: wanda yake ɗan shekara ashirin a ɗakin duhu a 1980, yau ya ba sittin baya. Ilimin kuma a bakinsu da hannunsu yake, ba a littafi ba.

Abin da ake asara idan aka bari suka tafi da shi, Mali ta nuna mana. Seydou Keïta ya buɗe situdiyo a Bamako a 1948, yana ɗaukar mutanen gari a tsakar gidansa da hasken rana, aikin neman abinci kawai. Amma ya adana dodanninsa dubbai. A farkon shekarun 1990 aka nemo shi, aka sake buga su manya-manya, har ta kai a 2016 an cika babban zauren Grand Palais na Faris da hotunansa. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé ya karɓi babbar kyautar baje kolin fasaha na Banis a 2007. A Yamai akwai Philippe Koudjina, wanda ya bar wa Nijar kamannin birninta na shekarun 1960 da 1970. A gida, J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ne a matsayin yaron ɗakin duhu a ma'aikatar watsa labarai ta Ibadan a 1954, daga 1968 kuma ya shiga ɗaukar kitson matan Najeriya har ya tara wajen dubu. Kayan Solomon Alonge, mai hoton fadar Binin, suna ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Washinton. Babu ɗayansu da ya fi masu hoton Kano da Zariya da Katsina samun abin ɗauka. Sun dai ajiye dodo, kuma an samu masu sanin darajarsa. Mu kuwa kwalayen dodanni da yawa bola suka nufa ranar da aka tashi shago ko aka raba gado, don babu wanda ya san cewa hoton asali yana jikin wannan 'yar ledar, ba a takardar da ke bango ba.

Yanzu mu shiga aikin kansa, domin nan ne daɗin yake. Fim siririyar leda ce da aka shafe da wani danƙo da ake tatsowa galibi daga ƙashin shanu, a cikin danƙon kuma akwai ƙwayoyin gishirin azurfa da ido ba ya gani. Duk ƙwayar da haske ya taɓa takan ɗauki alama a ɓoye. Maganin farko, mai fito da hoto, yana bin ƙwayoyin da aka taɓa ya mayar da su baƙar azurfa. Na biyu yana tsayar da aikin na farko. Ruwa mai ɗan tsami ne, ruwa zalla ma yana yi. Na uku, mai kafe hoto, yana narkar da sauran gishirin da haske bai taɓa ba ya fitar da shi, don kada fim ya baƙe idan an fito da shi sarari. John Herschel ne ya gano sinadarin wannan magani na uku tun 1819. Sai ɗauraya, sai shanya. Tunda inda haske ya fi yawa nan ne fim ya fi baƙi, farar riga takan fito baƙa a dodo, baƙin rawani ya fito fari.

Wuri ɗaya ne ake bukatar duhu ƙirin, wato lokacin zare fim daga gwangwaninsa a naɗa shi a zoben tankin wanki. Ko jan fitila ba a yarda ba a nan. Da laluben yatsa ake yi, a ɗaki rufe ko a cikin baƙar jaka mai hannuwa biyu, shi ya sa mai koyo zai fara da mataccen fim a cikin haske, ya yi ta naɗawa har hannunsa ya san hanya, sannan ya gwada ido rufe. Da zarar an rufe tanki, sauran aikin a sarari ake yi da agogo da ma'aunin zafi. Misali, fim ɗin Ilford HP5 a maganin ID-11 da ba a sirka ba yana ɗaukar minti bakwai da rabi idan zafin ruwan digiri 20 ne, ana juya tankin a hankali 'yan daƙiƙoƙi a kowane minti.

Bugu a takarda shi ne rabin sana'ar da ke kama zuciya. A nan an yarda da jan fitila, domin takardar hoto ba ta jin jan haske. Za a sa dodo a injin faɗaɗa hoto, wanda fitila ce a sama da gilashi a ƙasa, ya haska surar a kan tebur. A daidaita har ƙwayoyin azurfar su fito tsaf. Sannan a yanki siririyar takarda a yi gwaji: a rufe ta da kwali, a buɗe kaɗan a ba ta daƙiƙa biyu, a ƙara buɗewa a ƙara biyu, haka har ƙarshe, a wanke a duba wane yanki ne ya yi daidai. Sai a sa cikakkiyar takarda. Lokacin da ka tsoma ta a tire na farko fara ce sol, babu komai. Ka riƙa rausaya tiren. Can sai idanu su fara bayyana, sai gefen hula, sai inuwar ƙarƙashin haɓa, kafin minti guda mutum ya cika yana kallonka daga cikin ruwa. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga zane ya fito daga karofi kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonsa, ya san irin wannan jin. Daga nan a ɗauke ta da hantsaki zuwa tire na biyu, zuwa na uku, sannan a kunna farar fitila.

Gwanintar mai bugu tana cikin 'yan daƙiƙoƙin nan da injin ke haskawa. In fuska ta yi duhu da yawa, sai ya sa ɗan kwali a bakin waya ya kare ta daga hasken na ɗan lokaci yana kaɗawa don kada iyaka ta fito. In sararin sama ko farar riga ta fito fayau babu komai, sai ya haɗa tafukansa ya bar 'yar kafa, ya ƙara wa wurin haske shi kaɗai. Manhajojin gyaran hoto na waya da kwamfuta wannan aikin hannun suka kwaikwaya.

Duk littattafan da ke koyar da wannan an rubuta su ne a ƙasashen da ruwan famfo ke zuwa da sanyi. Mu matsalarmu ta farko zafi ne. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a gabashin Kano yakan kai digiri 40, ruwan jarka kuma ya wuce digiri 20 nesa ba kusa ba. Magani mai zafi sauri yake yi: kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage lokacin wanki da kusan kashi goma cikin ɗari, kuma idan lokacin ya gaza minti biyar wankin ba ya fita bai ɗaya. Danƙon fim ma yakan yi laushi ya ɗauki ƙarzuna, in kuma aka fitar da shi daga ruwa mai ɗumi aka jefa a mai sanyi yakan yamutse. Mafita tana tsakar gida. Ruwan randa da ya kwana yana saukowa sosai, musamman da rani da iska ke bushe. A jera kwalaben magani a cikinsa tun dare, a yi wanki da asuba, a tabbata duk ruwan da zai taɓa fim zafinsa ɗaya ne. Sirka maganin da ruwa daidai-wa-daida yana tsawaita lokaci, ya ba mutum sarari. Ajiyar fim ɗin da ba a ɗauka ba ma tana son sanyi, kuma a nan maƙwabta sun riga sun yi mana aiki: Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya sami kyautar Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar sa tukunya a cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya. Fim zai zauna a ciki lafiya, muddin an kulle shi a gwangwani ko robar da danshi ba ya shiga.

Hunturu ya fi kowane lokaci sauƙin ruwa, amma shi ke zuwa da ƙura. Jiƙaƙƙen fim yana kama duk abin da ke yawo a iska, kuma ƙwayar ƙura ɗaya a dodo takan zama farin tabo a goshin mutum idan an faɗaɗa. A yayyafa ruwa a ɗakin tun kafin a fara, a rufe ƙofa da taga, a rataye fim da maƙalin shanya ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a fita kada a dawo sai ya bushe. Damina kuwa fumfuna take kawowa a gilashin kyamara da jikin dodo, gara kuma ba ta raina takarda.

Ruwa bai kai yadda ake tsoro ba. Kamfanin Ilford yana da hanyar ɗauraya mai tsimi: a cika tanki a juya sau biyar a zubar, a sake cikawa a juya sau goma, a sake a juya sau ashirin. Tankin fim ɗaya bai wuce sulusin lita ba, ke nan ɗaurayar duka wajen lita guda ce. Ruwan rijiya a tace shi da ƙyalle mai tsabta, ɗaurayar ƙarshe a yi da fiya wata. Wajen takarda, mai rufin roba minti biyu ya ishe ta, ta gargajiya mai kauri kuwa tana neman kusan awa guda a ruwa, don haka mai koyo ya fara da ta farko. Kada a yi ha'inci a ɗauraya. Tsofaffin hotunan da suka yi rawaya-rawaya da tabo, sau da yawa maganin da aka bari a jikinsu ne ya ci su. Abu ɗaya kuma da ba na wasa ba: maganin kafe hoto da ya tsufa cike yake da narkakkiyar azurfa. Ba a zubar da shi kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha, ba a zuba shi a kwalbar lemo a ajiye inda yara ke kaiwa. A sa safar hannu, a bar wa ɗaki hanyar iska.

Haskenmu ma darasi ne mai zaman kansa. Akwai tsohuwar ƙa'ida: a rana tsaka, a sa ƙofar haske a 16, a sa saurin ƙiftawa daidai da lambar fim, in fim mai lamba 125 ne a sa 125. Tana aiki ga gini da gona. Amma ka tsayar da dattijo baƙi da farar babbar riga da rawani a ranar azahar, za ka ga iyakarta. Ma'aunin kyamara zai ga farin riga ya rage haske, fuska ta nutse. Tsofaffin masu hoto sun san maganin abin: a kai mutum inuwar zaure ko gindin darbejiya, a auna haske a fuskarsa ba a rigarsa ba, a ɗan rage lokacin wanki don kada rigar ta toshe. Hantsi da la'asar sakaliya sun fi. Wannan ne babban abin da fim ke koyarwa. Fim na 35 hoto 36 kawai yake ɗauka, na 120 guda 12 a kyamara irin Yashica, kuma ba ka ganin sakamako sai ka wanke. Dole ka kalli haske kafin ka danna. Yaron da ya yi wata shida a haka, in ya koma kan waya ko kyamarar bidiyo ta 'yan fim, hannunsa daban ne, kuma ta nan ne sana'ar ke biyan wahalarta.

Ba za a yi zancen hoto a ƙasarmu a tsallake hukuncinsa ba. Malamai sun saɓa. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya yi Muftin Masar ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta hoton kyamara bisa hujjar cewa tsare inuwa ne ba ƙaga sura ba, kuma Shaihu Yusuf al-Ƙardawi ya bi wannan fahimta. Wasu, irin su Shaihu Ibn Baz, sun taƙaita shi ga lalura kamar fasfo da katin shaida. Kowa ya bi malamin da ya natsu da shi, kuma wanda ya ce kada a ɗauke shi a ƙyale shi. Ladabin ya fi kyamara muhimmanci: a yi sallama, a nemi izini, a faɗi inda hoton zai je, a kai wa mutum kwafinsa. Sannan rabin rayuwar ƙauye tana cikin gida, inda namiji baƙo ba ya shiga. Daka, kitso, lalle, jeren ɗakin amarya, tsohuwa da mazarinta in ta rage, duk mace ce za ta iya ɗaukarsu da yardar masu gida. In za a koya wa matasa, a sa 'yan mata a sahun gaba.

Saura kaya, kuma nan ne tsadar take. Ba a daina yin fim ba. Ilford ya durƙushe a 2004, manajojinsa suka farfaɗo da shi a 2005 da sunan Harman, har yau yana aiki a Ingila. Kodak na yin Tri-X, Foma ta ƙasar Cek na yin mai rahusa, har Pentax ta fito da sabuwar kyamarar fim a 2024. Amma duk da kuɗin waje ake sayensu. Dabarar rage tsada ita ce a sayi babban naɗi mai mita 30, wanda ke ba da wajen fim 18 idan an yayyanka, a kuma sayi magani na gari maimakon na ruwa. Wanda zai sa a taho masa da fim ta jirgin sama ya roƙi a duba shi da hannu, domin sababbin injinan binciken kaya suna lalata shi. Kyamarori kuwa suna nan kwance a akwatunan gidaje da wurin 'yan gwanjo, irin su Pentax K1000 da Zenit da Yashica, masu aiki ko babu batir.

Maganin farko ana iya haɗa shi a gida. A 1995 ɗalibai a wata kwalejin fasaha da ke Rochester a Amurka suka nuna cewa kofi yana fito da hoto, daga baya aka riƙa haɗa shi da sodar wanki da bitamin C ya ƙara ƙarfi. Kanwarmu tana ɗauke da irin gishirin da ke cikin sodar nan, sai dai ƙarfinta ba ɗaya ba ne kuma tana da datti, aikin gwaji ne da ya dace da malamin kimiyya da ɗalibansa. Maganin kafe hoto dai sai an saya. Masu sayar da kayan asibiti sun san shi, domin irinsa ake wanke hoton ƙashi da shi, kuma shi kansa fim ɗin hoton ƙashi yana ɗaukar hoto, ana iya sarrafa yawancinsa a jan fitila.

Don haka ba sai an jira injin faɗaɗawa ko wutar gwamnati ba. Gwangwanin madara babba da aka shafe cikinsa da baƙin fenti, aka huda gefensa da allura, aka sa takardar hoto a ciki, kyamara ce. A buɗe hudar na wasu daƙiƙoƙi a rana, a wanke, a sami dodon takarda. A kifa shi a kan sabuwar takarda, a danne da gilashi, a haska da ƙaramar tocila, hoto ya fito daidai. Haka Keïta ya buga yawancin nasa, dodo a kan takarda kai tsaye. Ɗakin ƙasa da dare, da bargo a ƙofa, da jan fitila mai aiki da batirin sola, ya isa. Mutum huɗu ko biyar za su iya haɗa kuɗi su sayi kwalin takarda ɗaya da magani, ko makarantar sakandare ta ɗauki nauyin abin a matsayin darasin kimiyya, tunda haske da sinadarai duk suna cikin manhaja.

Kafin a sayi komai, a nemi tsohon mai hoto, a Gaya ko Wudil ko Dutse ko cikin Kano. A je masa da goro, a durƙusa a ce, "Baba, koyo muka zo." A tambaye shi yadda yake sanyaya magani da bazara, da yadda yake gane magani ya mutu, da inda injinsa da tirensa suka shiga, a rubuta amsoshin da Hausa. Sannan a sa ranar farawa a watan Disamba, lokacin da ruwan randa ke kusa da digiri 20 ba tare da ƙanƙara ba.